Kyautar da ta bi mai ita kabari: darasi daga Jamus ta Gabas

Ƴan uwana malamai da iyayen yara, akwai wata ƙasa da ta yi shekara 41 a duniya sannan ta ɓace daga taswira, ita ce Jamus ta Gabas. An kafa ta ranar 7 ga Oktoba 1949 a ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet, ta bi tsarin gurguzu, jam'iyyar SED na riƙe da akalar komai, sannan ta haɗe da Jamus ta Yamma ranar 3 ga Oktoba 1990. In an ambaci sunanta, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne katangar Balin da ƴan sandan asiri na Stasi. Yau wani abu ƙarami nake so mu duba a cikin tarihinta: lambobin yabo da gundumomin ƙasar suka riƙa ba marubuta da masu zane da makaɗan yankinsu. A ganina dabarar tana da kyau, har ta cancanci a yi koyi da ita. Hannun da aka danƙa wa ita ne ya gurgunta ta. Duk mai tunanin kafa irin wannan kyauta saboda yaranmu ya kamata ya san abin da ya sa wasu daga cikin lambobin suka mutu a 1990, wasu kuma suna nan da ransu.

Yadda abin yake

A 1952 gwamnatin ƙasar ta rushe tsofaffin jahohi biyar, ta yanka ƙasar gunduma 14, ga kuma Balin ta Gabas a matsayin babban birni. Kowace gunduma tana da majalisar zartarwa, kowace majalisa tana da sashen al'adu. Ba a jima ba gundumomin suka fara kafa kyaututtukansu na fasaha, ban da babbar lambar ƙasa da ake bayarwa a Balin.

Abin sha'awa shi ne sunayen da suka zaɓa. Gundumar Cottbus ta sa wa tata sunan Carl Blechen, mai zanen da aka haifa a garin a 1798. Ta Potsdam ta ɗauki sunan Theodor Fontane, marubucin da aka haifa a Neuruppin a 1819. Ta Halle ta ɗauki sunan Händel, shahararren mai tsara kiɗa da aka haifa a Halle a 1685, ya rasu a Landan a 1759. Ta Frankfurt ta bakin kogin Oder ta ɗauki sunan Heinrich von Kleist, ɗan garin. Ta Schwerin ta zaɓi Fritz Reuter, wanda ya yi suna da rubutu cikin karin harshen mutanen arewacin Jamus, harshen manoma da ƴan kasuwa. Duk cikinsu babu ɗan gurguzu, kuma duk sun rasu tun kafin a yi mafarkin kafa ƙasar. Gundumar Karl-Marx-Stadt ita ce ta bi wata hanya, ta sa wa tata sunan Kurt Barthel, mawaƙin jam'iyya wanda ya yi wa Stalin waƙar yabo. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Alherin da ke ciki

Malami ya fi kowa sanin cewa yaro ba ya kwaikwayon abin da bai taɓa gani ba. Lambar da ake bayarwa a babban birni, ga mutanen da sai a rediyo ake jin sunansu, ba ta motsa ɗan ƙauye. Amma in wanda aka karrama maƙwabci ne, ko malamin kiɗa na makarantar unguwa, ko ƙungiyar mawaƙa ta ma'aikatar da uban yaro ke aiki, to yaron ya ga hanya da idonsa. Kyautar Cottbus ba ta tsaya ga ƙwararru ba: an kafa ta don zane da adabi da kuma fasahar talakawa, wato masu yin abin don sha'awa bayan sun tashi daga aiki. Sannan sunan da ke kan lambar yana gaya wa yaron cewa garinsu ma ya taɓa haifar gwani.

Ga misali. Brigitte Reimann, wadda aka haifa a 1933, ta koma garin Hoyerswerda a 1960, lokacin da jam'iyya ke kiran marubuta su bar teburinsu su shiga masana'antu, ma'aikata kuma su ɗauki alƙalami. An fara wannan kira ne a wani taro da aka yi a Bitterfeld a 1959. Reimann ta kama aiki a katafariyar ma'aikatar sarrafa kwal ta Schwarze Pumpe, tana kuma jagorantar da'irar ma'aikata masu koyon rubutu. A 1965 gundumar Cottbus ta ba ta lambar Carl Blechen. Haka ma Christa Wolf, wadda daga baya duniya ta san ta: birnin Halle ya ba ta kyautarsa ta fasaha a 1961 saboda littafinta na farko, gundumar Potsdam ta ba ta lambar Fontane a 1972, sai a 1980 ta karɓi lambar Georg Büchner, mafi daraja a adabin Jamusanci, daga Jamus ta Yamma. Mutanen gida ne suka fara cewa madalla, kafin na waje su ce. Yabon gwani ya zama dole, amma yabon da ya zo tun gwani na neman gindin zama ya fi amfani da wanda ya zo bayan ya yi furfura.

Igiyar da ke ɗaure da kyautar

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Majalisar da ke ba da lambar ba ta da ikon kanta. Sakataren jam'iyya na gunduma shi ne mai magana ta ƙarshe. Babu littafin da ke fita sai da takardar izini daga ma'aikatar al'adu, kuma takardar ɗab'i kanta gwamnati ce ke rabawa. Mai zane ko marubucin da ke son cin abinci da sana'arsa yana buƙatar zama ɗan ƙungiyar da hukuma ta amince da ita. Ke nan hannu ɗaya ne ke ba da lamba, shi ke ba da aiki, shi ke ba da izinin ɗab'i da izinin tafiya waje, kuma shi ke iya janye su duka a rana guda.

A watan Disamba na 1965, shekarar da aka karrama Reimann, kwamitin tsakiya na jam'iyya ya yi wani zama da ya dira kan masu fasaha. An hana nuna finafinai wajen 12, kusan aikin shekara guda na kamfanin fim na ƙasar. Christa Wolf ta miƙe a wurin ta kare ƴan uwanta marubuta, kuma bayan haka ba a sake sa sunanta cikin kwamitin ba. Reimann kuwa ta shafe shekara goma na ƙarshen rayuwarta tana rubuta Franziska Linkerhand, labarin wata matashiya mai tsara gine-gine da ta ga yadda ake jera wa ma'aikata gidajen siminti masu kama ɗaya, babu dandali, babu inda zuciya za ta huta. Garin da ke cikin labarin hoton Hoyerswerda ne. Ciwon daji ya ɗauke ta a 1973 tana da shekara 39, ba ta gama littafin ba. An buga shi a 1974 bayan an yanke wuraren da ba su yi wa hukuma daɗi ba, kuma sai a 1998 masu karatu suka samu cikakkensa. Ƙasar da ta rataya mata lamba ita ce ta sa almakashi a aikinta mafi girma.

A Nuwamba 1976 aka ƙwace wa mawaƙi Wolf Biermann takardun zama ɗan ƙasa yana can birnin Kolon yana wasa. Marubuta 12, har da Christa Wolf, suka sa hannu a wasiƙar neman a sake shawara, mutum fiye da 100 suka bi sahunsu. Aka hukunta wasu, wasu suka tattara kayansu suka yi Yamma. A 1979 an kori marubuta tara daga ƙungiyarsu, ciki har da Stefan Heym. A irin wannan yanayi kowane alƙalin gasa ya san sunayen da ba a kawowa teburi, ko da babu wanda ya rubuta masa su. Wannan ita ce babbar ɓarna. Kyautar da ya kamata ta auna gwaninta sai ta koma tana auna gwaninta da ladabi tare, kuma mai kallo daga waje ba zai iya bambance wanda ya ci don aikinsa da wanda ya ci don shirunsa ba. Nagari ma sai tuhuma ta shafe shi.

Ko a sha'anin al'adun yanki akwai fuska biyu. A gundumomin Cottbus da Dresden ne Sorbawa suke, wata ƙaramar al'umma mai harshenta na daban, dangin harsunan Polan da Cek, wadda ake ƙiyasta yawanta da 60.000. Gwamnati ta ba su makarantu da jarida da gidan buga littattafai, kuma a 1956 ta kafa lambar Ćišinski, da sunan babban mawaƙinsu, don karrama masu hidima ga harshen. A lokaci guda injinan haƙar kwal suna cinye ƙauyukan da ake magana da harshen. Ƙauyuka fiye da 100 ne suka tashi a yankin saboda kwal, mafi yawansu a zamanin wannan gwamnati. Ana raba lamba a zauren taro, ana rushe gidan da harshen ke kwana.

Shin sai a zubar da komai?

Wani zai ce, to ai magana ta ƙare: lambar da ta fito daga hannun gwamnatin Stasi ba ta da wata daraja. Bayan 1990 mutane da yawa a Jamus ta Yamma haka suka ɗauka. An zubar da littattafai sababbi fil a juji kusa da Leipzig, har sai da wani limamin coci, Martin Weskott, ya riƙa zuwa yana kwasowa tun daga 1991, ya tara dubban ɗaruruwa a garinsa na Katlenburg. Dubban zane-zanen da jam'iyyu da ƙungiyoyi suka saya an tara su a wata ma'ajiya a garin Beeskow. A 1993 ta fito fili cewa Christa Wolf ta yi hulɗa da Stasi daga 1959 zuwa 1962, aka yi mata ca, ko da yake takardun sun nuna cewa bayan nan ita kanta an shafe shekaru masu yawa ana bibiyar ta.

Ban yarda da wannan hukunci na jimla ba. Alƙalan gunduma sun yi tsoro, amma ba makafi ba ne. Littattafan Reimann suna nan ana karantawa, ana fassara su zuwa wasu harsuna, shekara fiye da 30 bayan majalisar da ta karrama ta ta shuɗe. Ma'aikacin da ya koyi rubutu a da'irarta, da yarinyar da ta shiga ƙungiyar mawaƙa don ta ga an karrama ta garinsu, abin da suka samu nasu ne, babu wanda zai ƙwace. Laifin bai kasance a cikin karrama ɗan gida ba. Laifin shi ne babu wata ƙofa ta biyu: in gunduma ba ta yaba maka ba, babu wanda ke da ikon yabawa.

Jarrabawar 1990

Da aka haɗe ƙasar aka maido da jahohi biyar, gundumomi 14 suka rushe, majalisunsu suka watse. Lambobinsu ba su da wani gida sai ofishin majalisa, ba su da wani asusu sai kasafinta, don haka suka bi ta kabari. Birnin Karl-Marx-Stadt ya koma sunansa na asali, Chemnitz, kuma lambar mawaƙin jam'iyya ta tafi tare da jam'iyyar. Hoyerswerda, wadda ta haura mutum 70.000 a farkon shekarun 1980, yau ba ta kai rabin haka ba.

Amma wasu sun tsira, kuma a nan darasin yake. Lambar Händel, wadda aka fara bayarwa a 1956, tana nan, birnin Halle ne ke ba da ita a lokacin bikin kiɗan Händel da ake yi kowace shekara tun 1952. Tana da gida, wato gidan da aka haifi mutumin, wanda ya zama gidan tarihi tun 1948. Tana da masu sauraro da ke zuwa daga ƙasashe da dama. Makaɗa da mawaƙa daga Ingila da Italiya da Faransa sun karɓe ta da alfahari, alhali yanzu ko kuɗi ba a haɗa ta da su. Lambar Ćišinski ita ma tana nan, a hannun gidauniyar al'ummar Sorbawa da aka kafa a 1991, wadda gwamnatin tarayya da jahohi biyu ke zuba wa kuɗi. Garin Neuruppin kuma ya kafa tasa kyautar da sunan ɗansa Fontane.

Me ya raba masu rai da matattu? Waɗanda suka rayu suna da masu su ban da hukuma: gari, ko biki, ko al'umma mai kishin harshenta. Sunan da ke kansu bai dogara da wanda ke kan mulki ba. Kuma akwai mutanen da za su ji zafi in an daina. Waɗanda suka mutu babu wanda ya yi musu zaman makoki, don tun farko kayan ofis ne.

Abin da ya shafe mu

Mu ma mun san ƙarfin gasa ta yanki. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, tana zagaya jahohi, kuma babu yaron lakkwal daga Difa zuwa Tilaberi da ba zai lissafa maka sarakunan kokowa ba. Mun san gasar kiɗa mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu na Tawa. Manyanmu suna tuna bukukuwan matasa na zamanin Janar Seyni Kountché, inda samariyar kowace jaha ke gwada waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, suna kuma tuna yadda yabon hukuma ya cika waƙoƙin da yawa. Yanzu da kundin da aka amince da shi a 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar ta zo ƙofar gida: yarinyar da ke aji shida a Tasawa ko Mirya, wadda ta iya tsara labari da Hausa fiye da malaminta, wa zai gaya mata cewa abin da take yi yana da daraja? Sakamakon jarrabawa ba ya faɗa mata. In babu wanda ya faɗa, za ta daina, mu kuma mu ci gaba da kukan rashin littattafan da yaranmu za su karanta da harshensu.

Saboda haka ina goyon bayan kowace jaha, kai har kowace gunduma, ta samu lambarta ta adabi da zane da kiɗa. Amma labarin Jamus ta Gabas ya nuna sharuɗɗan da in babu su gara a bari.

Na farko, kada kyautar ta zama ta gwamna ko ta magajin gari. Hukuma ta ba da gudummawa, wannan haƙƙi ne a kanta, amma mallakar ta kasance a hannun ƙungiyar iyaye da malamai da masu fasahar yankin, da rubutacciyar ƙa'ida da kowa zai iya karantawa. Na biyu, kuɗin ya fito daga aljihu fiye da ɗaya: ma'aikatar magajin gari, ƴan kasuwa, tsofaffin ɗalibai, ƴan gari mazauna waje. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi kaɗai, shi zai zaɓi taken da za a kaɗa. Na uku, a san sunayen alƙalai, a riƙa sauya su, a sa aƙalla ɗaya daga wata jaha, a cire sunan yaro daga takardarsa kafin a duba, kuma alƙalai su bayyana dalilinsu a gaban jama'a. Mun san halinmu: in ba a yi haka ba, ɗan wane ne zai ci. Na huɗu, a sa wa lambar sunan gwanin da ya riga mu gidan gaskiya, wanda aikinsa ya tsaya da ƙafarsa, kada a sa sunan mai riƙe da muƙami ko na matarsa. Na biyar, kada a ƙayyade wa yara jigo a kan manufofin gwamnatin ranar. Yaron da ya rubuta labarin rijiyar da ta ƙafe, ko ajin zana da iska ta kwashe, bai yi wa ƙasa laifi ba. Abin da Reimann ta yi ke nan, kuma shi ya sa har yau ake karanta ta. Na shida, a buga aikin da ya ci, ko da ƴan shafuka ne, a raba wa makarantu, a karanta shi a rediyon gari. Lambar da aikinta bai kai hannun mai karatu ba hoton ranar biki ce kawai.

Na san abin da wani uba zai ce: muna fama da rashin teburi da alli, ana zancen lambar yabo? Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗauki kuɗin gina aji a yi biki da shi ba. Sai dai abin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba: kaye da bik, littattafai ƴan kaɗan, kuɗin buga aikin da ya yi fice, da rana guda da gari zai taru ya saurari ƴaƴansa. Kuɗin da muke kashewa a anko na biki ɗaya ya isa. Händel ya rasu shekara fiye da 260 da suka wuce, lambarsa ba ta ɗauke da ko dala, amma ana ƙetare ƙasashe don karɓar ta, saboda an yarda da masu ba da ita. Wannan yarda ita ce jarin, kuma ba a sayen ta a kasuwa.

Malamai, ku kuka san yaran da ke da baiwa, kuna ganin su a bayan aji suna zane a bangon kaye. Iyaye, ku ne kuke da kujera a kwamitin makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuka jira sai umarni ya zo daga Yamai, kyautar za ta zo da igiyarta, kuma ranar da mai igiyar ya sauka za ta sauka tare da shi. In kuka kafa ta da hannunku, a matakin makarantu biyar ko goma na yanki guda, da ƙa'ida mai tsabta da alƙalai masu kunya, to ko gwamnati nawa aka yi za ta same ta a nan, ta kuma bar ta a nan. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu ikon gane baiwar da ya ajiye a cikinsu tun tana ɗanya.